Ƙwallon da Ake Buga wa Fili

Da la'asar sakaliya, idan zafin Jalingo ya karye, yaran unguwar Barade sukan hallara a duk filin da gini bai riga ya cinye ba. A ajiye duwatsu biyu a nan, takalma biyu a can, raga ta samu ke nan. Wasu da silifas, wasu ƙafa a ƙasa, ƙura tana tashi har ta rufe idon sawu. Wanda ya tsaya a gefe ya zuba ido zai ga wani abu da ake yi kullum, wanda yawan ganinsa ya sa ba a tsayawa a yi mamakinsa.

Yaro ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya ɗaga kai sau ɗaya. Abokinsa yana can gefen dama, ɗan baya ya manne masa kamar kaska. Maimakon ya aika ƙwallon ƙafar abokin, sai ya gangara shi wani wuri tsakanin 'yan baya biyu, inda babu komai sai yashi da ledar ruwa da iska ta kawo. A wannan ƙiftawar ido, wanda bai san wasa ba zai ce yaron ya yi asarar ƙwallo. Har wani daga cikin 'yan kallo yakan daka tsawa: "Kai, wa ka ba?" Kafin ya rufe baki abokin nan ya kuɓuce, ya zuba da gudu, shi da ƙwallon sun isa wurin tare kamar sun yi alƙawari. Wurin da babu kowa ɗazu, yanzu a nan ake cin wasa.

Abin da yaron ya yi lissafi ne, ko da bai taɓa rubuta shi a allo ba. A ce tsakaninsa da abokinsa mita 25 ne, kuma ƙwallon zai ɗauki sakan biyu kafin ya ci wannan tazara. Saurayi mai ƙafa yakan yi mita bakwai a sakan ɗaya. Ke nan kafin ƙwallon ya isa inda abokin yake a lokacin bugu, shi ya yi gaba da mita 14. Wanda ya auna ƙafar abokinsa, bayansa ya buga wa. Ko dai mai gudun ya ja birki ya juyo, farmaki ya mutu, ko ɗan bayan da ke binsa ya tsinci dami a kala. Ido yana ganin mutum a inda yake, ƙwallo kuwa a inda ya koma yake iske shi.

Kafin bugun ya yi kyau sai mai bugu ya san saurin abokinsa, domin ƙarfin da ya dace da mai dogon taku ya yi wa gajere yawa. Sai ya san halinsa: wannan ciki yake kutsawa ko bakin layi yake bi, da hagu yake karɓa ko da dama. Sannan sai ya yarda cewa zai ruga, domin a lokacin da ƙwallon ke barin ƙafa abokin bai isa ba tukuna, wani lokaci ma ko tashi bai yi ba. Shi ma mai gudun da nasa nauyin. In ya yi garaje ya wuce 'yan baya kafin a buga, alƙali ya hura usur, an kama shi da satar gida. In ya yi nawa, gola ya fito ya rungume abinsa. Shi ya sa yara biyu da suka taso a fili ɗaya sukan fi taurari biyu da aka haɗa jiya fahimtar juna. Sanin hali ya fi sanin kama.

Wannan ƙa'ida ta girmi ƙwallo nesa ba kusa ba. Haka Allah Ya tsara duniyar da komai nata tafiya yake yi. Shaho idan ya yi niyyar tsuntsu a sama, ba ya bin sawunsa, hanya yake yankewa ya tare shi. Mazari, ɗan ƙwaron nan mai fiffike huɗu da ke shawagi a bakin kogin Lamurde, haka yake kama sauro: inda sauron zai biyo yake nufa. Mai kwale-kwale a Ibi ko Lau, idan zai ƙetare Binuwai da damina, sama da mashigar da yake so ya sauka yake saita hancin jirginsa, don ya san ruwa zai ja shi ƙasa. Sunan unguwar ma kansa yana tuna wannan, domin barade su ne mayaƙan kan doki, kuma barden da zai jefi mahayin da ke gittawa a sukwane, gaban dokin yake aika mashinsa. Maharba suna cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Gaskiya ne, sai dai wanda ya samu wutsiyar barewa mai gudu, kanta ya auna. Da wutsiyar ya auna, da ƙura ya harba.

Inda wannan lissafi ya kai maƙura shi ne sararin samaniya, a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suke kira yaƙin Hitila. Ƙasar nan ma ta ga jiragen wannan yaƙi da idonta, domin tun daga 1940 Ingila take kawo su cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri har Masar. Irin waɗannan jirage masu ɗaukar mutum ɗaya tsawonsu mita tara ne zuwa goma, suna gudun kilomita 500 a awa, wato kusan mita 140 a sakan guda. Bindigoginsu a kafe suke a jiki, don haka da jirgin gaba ɗaya matuƙi yake auna. Harsashi kuwa, duk saurinsa, yana bukatar kusan rabin sakan kafin ya ci mita 300. A cikin wannan ɗan lokaci jirgin da ke gittawa ya yi gaba da kusan mita 70, tsawon jikinsa sau bakwai. Matuƙin da ya ɗora ma'auninsa a kan jirgin da yake gani ya danna, iska ya harba. Dole ya karkata hanci zuwa gajimare, inda babu komai, ya saki wuta a can, abokin gaba ya zo da kansa ya shiga cikinta.

Abu ne mai nauyi ga zuciya, domin ido yana cewa ga shi nan, hankali yana cewa gaba. Ga shi harsashin a ƙididdige yake. Jirgin Spitfire na farkon yaƙi bindiga takwas gare shi, amma in aka danna ba ɗagawa, cikin sakan 15 ko kusa da haka sun ƙare. Shi ya sa ake koya wa sababbin matuƙa harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama, don hannu ya saba riga abin harbi zuwa. Da yawa ba su taɓa ƙwarewa ba, sai dai su lallaɓa su biyo ta baya, su matso kurkusa, inda ba a bukatar dogon lissafi.

Akwai mutumin da ya haɗa filayen biyu, na ƙasa da na sama. Sunansa Hermann Graf, Bajamushe, an haife shi ranar 24 ga Oktoba 1912 a Engen, wani ƙaramin gari kusa da iyakar Suwizalan. Ɗan gidan talakawa ne. Ya koyi aikin ƙarfe da makullai, daga baya ya zama akawu a ofishin garinsu. A wancan zamani ƙwallo a Jamus bai zama sana'ar albashi a hukumance ba, ɗan wasa yana da aikin da yake ci da shi, da yamma ya sauka fili. Abin da aka fara sanin Graf da shi tsaron raga ne. Gola kuwa duk aikinsa karatun abin da bai faru ba ne tukuna. A bugun daga kai sai mai tsaron gida, daga mita 11, in ya jira ya ga inda ƙwallo ya nufa ya makara, sai dai ya karanta kafaɗa da ƙugu da yadda mai bugu ya dasa ƙafarsa. Graf ya yi fice har ya shiga cikin samarin da Sepp Herberger, wanda ya zama kocin ƙasa, yake horarwa, amma karayar babban yatsa ta datse masa wannan hanya. Abin sonsa na biyu shi ne jirgi mara inji da samari suke koyon tashi da shi a ƙarshen mako. Ta nan ya shiga rundunar sama.

Bayan da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941, Graf yana cikin matuƙan jirgin Messerschmitt da aka tura gabas. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, a watan Satumban 1942, a sararin birnin Stalingrad, ya zama matuƙi na farko a duniya da aka lissafa wa kakkaɓo jirage 200. Zuwa ƙarshen yaƙi adadin ya kai 212, a fita fiye da 800. Wajibi ne a faɗi abin da ke ƙarƙashin wannan lamba. Kowane jirgi akwai ɗan wani a ciki, mafi yawansu samari masu kare ƙasarsu daga mamaya. Yaƙin na zalunci ne, gwamnatin da ya yi wa aiki ta hallaka miliyoyin bayin Allah, kuma Tarayyar Sobiyet kaɗai ta rasa fiye da mutum miliyan 20. Idon da ya koyi tare ƙwallo a Engen shi ne aka ɗora a bayan bindiga.

A cikin wannan duhu ne aka yi wani bugu irin na yaron Barade. Herberger yana kallo ana kwashe 'yan wasansa ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin daga. Tun ƙarshen 1942 Jamus ta daina wasa da wata ƙasa. Babu kofin da ake nema, babu ma tabbacin wanda zai ga baɗi. Duk da haka ya ci gaba da rubuta wasiƙu yana neman inda zai raɓa su. Graf, wanda sunansa ya kai a saurare shi, ya riƙa neman a turo masa waɗannan samari rundunarsa a matsayin ma'aikatan ƙasa. A 1943 ya kafa ƙungiya mai jajayen riguna, Rote Jäger, ma'ana Jajayen Maharba, shi da kansa a raga. Hukumomi sun ƙyale domin wasan yana ɗebe wa sojoji da jama'a kewa, yana kuma yi wa gwamnati ado. Cikin waɗanda suka shigo a ƙarshen shekarar har da wani siririn saurayi daga Kaiserslautern, mai shekara 23, sunansa Fritz Walter.

Bayan shekara goma da 'yan watanni, ranar 4 ga Yulin 1954, aka buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya a birnin Bern na Suwizalan, ana ruwan sama. Hungari, mai tauraron ɗan wasa Puskas, ta yi shekara huɗu ba a doke ta ba, kuma mako biyu kafin nan ta lallasa Jamus ta Yamma da ci 8 da 3. A wancan wasan Herberger ya ajiye da yawa daga cikin gwanayensa a benci, jaridu suka yi masa ca, shi kuwa wasannin da ke gaba yake kallo. Ranar ƙarshen, minti takwas da farawa Hungari ta zura biyu. Jamus ta rama ɗaya, sannan kyaftin ɗinta ya bugo kwana, Helmut Rahn ya farke. Saura minti shida a tashi Rahn ya ƙara, aka tashi 3 da 2. Kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin Fritz Walter ne. Ƙwallon da aka gangara cikin fili a 1943, lokacin da babu kowa a wurin, a nan mai gudu ya iske shi.

Tsakanin bugun da isowar kuwa, sauran ƙiris komai ya wargaje. A 1945 Walter ya samu kansa a sansanin fursunoni a Romaniya, ana shirin wucewa da su Saberiya. Wani mai gadi ɗan Hungari, wanda ya taɓa kallonsa a Budapest a 1942, ya gane shi lokacin da ake taɓa ƙwallo a sansanin, ya shaida wa Rashawa cewa wannan ba Bajamushe ba ne, ɗan yankin Saar ne. Aka cire sunansa, ya koma gida a wannan shekarar. Shi Graf bai samu irin wannan ba. Amurkawa suka miƙa shi ga Sobiyet, ya zauna a tsare har ƙarshen 1949. Da ya dawo, tsofaffin abokan yaƙinsa suka juya masa baya bisa zargin ya ba Rashawa haɗin kai. Herberger ne ya haɗa shi da mai masana'antar da ya ba shi aiki. Ya rasu a Engen ranar 4 ga Nuwamba 1988. Jirage 212 ba su ciyar da shi ko rana ɗaya ba bayan yaƙi, 'yan samarin da ya raɓa su ne suka zama abin da ya tsira da shi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wannan bai goge wancan ba, hisabi kuwa na Mai shi ne.

Idan aka ajiye abubuwan nan biyu gefe da gefe, fasin ɗin ɗan wasa da harbin matuƙi, za a ga lissafinsu ɗaya ne sak. A kowanne sai an karanta mutum, an san saurinsa, an san halinsa, an riga shi zuwa inda ya nufa. Bambancin yana ga abin da aka aika ya jira shi a can. Ɗaya ya aika abin da mutumin yake bukata, ɗaya ya aika abin da zai kayar da shi. Abin da ke ɗaure kai shi ne, a zaman duniya, masu harsashi sun fi masu ƙwallo iya wannan lissafi.

Mai sayar da ƙwaya ba ya jiran yaro ya lalace. Ya san wanda ya gama sakandare bana, sakamako bai fito ba, gida babu abin yi, dole ya biyo ta majalisar bakin titi da daddare. Can yake zaune yana jiransa, ta farko ma kyauta ce. Mai neman 'yan banga tun zaɓe yana da saura shekara biyu yake ƙirga samarin da za su ƙosa ba su da sana'a. Mai ba da bashin hatsi ya san a watan Agusta rumbun manomi ya yi ƙasa, masara ba ta nuna ba, ga zazzaɓi a gida, ga kuɗin makarantar Satumba na tafe. Tun Yuli ya ware kuɗinsa, zai ba da na buhu ɗaya ya karɓi biyu da kaka. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake auna mutum a inda yake tsaye.

Masoya kuwa sau da yawa inda suka bar mutum suke nemansa. Kowa ya taɓa ganin yara sun ji ƙarar jirgi yana ratsa saman Jalingo, sun fito da gudu sun ɗaga kai daidai inda ƙarar take, ba su ga komai ba, sai can wani ya nuna gaba da yatsa ya ce ga shi can. Dalilin kuwa sauti mita 340 yake yi a sakan. Jirgin da ke nisan kilomita uku, ƙararsa tana bukatar kusan sakan tara kafin ta iso kunne, a lokacin kuwa shi ya yi nisa. Abin da kunne ya kawo tsohon labari ne.

Haka labarin mutane yake. Uba yana yi wa ɗansa mai shekara 17 magana irin ta ɗan shekara goma, yana gargaɗinsa kan wasan kogi, alhali abin da ke hana yaron barci yana cikin wayarsa da cikin zuciyarsa. Nasihar mai kyau ce, amma ta sauka a wurin da yaron ya bari tun shekara bakwai da suka wuce. Unguwa tana riƙe da sunan da ta sa wa mutum a lokacin ƙuruciyarsa. Ya tuba, ya kama sana'a, yana sahun farko da asuba, amma ranar da ya je neman aure ko neman jari, ƙarar shekara goma baya ake ji. Akwai kuma wanda aka sani da rufin asiri, kasuwa ta juya masa, nauyin baki ya hana shi faɗa. Kowa yana zaton yana nan inda yake, har a riƙa turo masa masu neman taimako, sai ranar da aka ga kayan ɗakin matarsa a hannun dillaliya. A nan ne za a taru ana salati, ihu bayan hari.

Masu iya bugun suna nan a cikin jama'a, sai dai ba a cika ganinsu ba, domin a lokacin da suke yinsa aikinsu yana kama da asara. Tela ne ya kira yaron maƙwabta tun saura wata uku ya gama makaranta, ya ce masa, "Zo nan, ɗana. In kun gama jarrabawa ga keke nan babu kowa a kai, ka riƙa zuwa da safe." Malama ce ta lura wata yarinya tana da kan lissafi, ta yi tattaki har gida ta zauna da mahaifiyarta tun kafin a fara tunanin cire ta daga aji. Maƙwabci ne ya ajiye buhu biyu da kaka, farashi ya tashi bai sayar ba, don ya san gidan da za a kwana ba a ɗora tukunya ba idan damina ta yi tsakiya. Dattijo ne mai shekara 70 yake dasa mangwaro yana kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk wanda ya gan su a wannan lokaci zai iya yi musu tambayar ɗan kallo: wa ka ba?

Sai dai akwai bugun da ke kama da wannan alhali ba shi ba ne. Wani yakan buga ƙwallo inda shi yake so abokinsa ya je, abokin kuwa wani wajen ya nufa, in ƙwallon ya fita waje ya hau shi da faɗa. Haka uban da ya rantse sai ɗansa ya zama likita, alhali hannun yaron da zuciyarsa suna wajen gyaran inji. Gaba ya buga, gaskiya, amma bai ɗaga kai ba. Ɗaga kan nan na sakan ɗaya da yaron Barade ya yi shi ne rabin aikin. A zaman mutane kuwa ɗaga kai shi ne a zauna da mutum, a bar shi ya yi magana har ya gama, a lura da abin da yake yi idan yana zaton babu mai kallo. Akwai kuma mai ƙarfin ƙafa, wanda ke buga wa ƙaramin yaro nisan da sai babba zai kai. Ya ɗora masa shago da bashi da riƙon gida a shekara ɗaya, in ya gaza a ce ba shi da zuciya, alhali ma'aunin mai bugu ne ya yi yawa.

Wanda ake buga wa shi ma amana ce a wuyansa. In sau uku aka gangara maka ƙwallo ka tsaya riƙe da ƙugu, na huɗu wani za a nema. Wanda aka ba jari ya cinye, wanda aka samar wa gurbin koyon sana'a ya ƙi zuwa, har na bayansa ya cuta, domin ya koya wa mai bugu tsoron fili. Mai garaje kuma, wanda yake son ya zama maigida tun bai gama zama yaron shago ba, ko ya isa wurin ya zura a raga ba za a ƙirga masa ba, satar gida ya yi.

Bayan duk wannan, babu mai bugun da ya mallaki sakan biyun da ƙwallo yake tafiya a cikinsu. Tsakuwa tana iya karkatar da shi, iska tana iya rage masa gudu, mai gudu yana iya zamewa. Herberger bai san za a kama Walter ba, bai kuma san akwai mai gadin da zai gane shi ba. Abin da ke hannun bawa shi ne ya duba, ya auna, ya saki. Haɗuwar ta Allah ce. Shi ne Ya sa rana da wata da damina suke zuwa a kan ƙa'ida, har manomi yake iya yin binne a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan da bai zubo ba. Da duniya ba ta da tsari, da babu mai iya auna gaba, da shaho ya kwana da yunwa, da mai kwale-kwale bai taɓa sauka a mashigarsa ba. Shi kansa ɗan Adam mai gudu ne a cikin wannan fili. Ya san inda ya nufa, ko da bai san ranar isa ba, kuma abin da ya aika gaba shi zai tarar yana jiransa.

Idan ladan ya kira magariba, wasa ya ƙare a Barade ko da ana tsakiyar farmaki. Mai takalma ya zo ya ɗauki takalmansa, raga ta watse. Wanda ya ci ƙwallon shi ake kewayewa, sunansa ake kira har bakin titi. Wanda ya gangara masa kuwa yakan tsaya a baya, ya ɗauki ƙwallon ya karkaɗe masa yashi, ya saka a hammata, ya nufi inda butoci suke don ya yi alwala.